Faifan da ya jira ganin wata

Shekarun da na zauna a gidan yayana a garin Laurel, kusa da Washington, duk ranar Asabar da rana daɓen ɗakina rawa yake yi. Ɗansa ya mayar da ɗakin da ke ƙarƙashin gidan wurin gwajin kiɗa, shi da abokansa uku, kuma da zarar sun fara sai kofin shayina ya kama tafiya a kan tebur, sai na tare shi da hannu. Rok suke kiran abin. Jita iri-iri masu jonawa da lantarki, ganguna a jere kamar tukwanen biki, ga ɗan yayan nawa a gaba yana waƙa da Turanci, jijiyoyin wuya duk a tashe. Ranar farko da gudu na sauka da ludayi a hannuna, na zaci dambe ake yi.

Ni na ƙarasa rainon yaron. Mahaifiyarsa ta rasu yana firamare, Yaya ya aiko aka taho da ni daga Kano, na samu aiki a wani gidan kula da tsofaffi, sauran lokacina kuma na gida ne. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake mayar da amsa, in ban da gaisuwa da kuma sunan da yake kirana da shi. Gwaggo dai bai taɓa canja ta ba. Ban ce na ƙaunaci kiɗansu ba, har gobe kaina yake sara mini. Amma wani lokaci idan gangunan suka lafa, muryarsa ta rage ita kaɗai, nakan ajiye abin da nake yi in tsaya. Muryar uwarsa ce sak, kuma na san Yaya ma ya sani, shi ya sa duk Asabar yake ƙirƙiro uzurin da zai fitar da shi daga gida.

Yaya injiniya ne, na gadoji da tituna, kuma komai na duniya sai ya auna shi kafin ya yarda. Har ganin watan Sallah bai tsira ba. Masallacin da muke zuwa da lissafi yake aiki, tun kafin a fara azumi an san ranar idi. Akwai kuma wasu gidajen 'yan ƙasarmu a Upper Marlboro da ba ruwansu da wannan, duk ranar da aka ce an ga wata a gida, washegari sukan kama wani zaure haya su yi idinsu. Yaya ya shekara da shekaru yana sa-in-sa da su. Cewa yake yi mutum a inda yake zaune yake sallah, kuma sau da yawa watan da ake cewa an gani ɗin, a lissafinsa ko haihuwarsa ba a gama yi ba. A wurin suna, a wurin ɗaurin aure, da an ta da zancen sai ya gyara zama. Ni dai takan ishe ni in tashi in ba su wuri.

Da yaron ya gama digirinsa na farko, aka ba shi gurbin karatun haɗa magunguna a Baltimore. Sai ya ce shi waƙa zai yi. Makarantar ta yarda ta ajiye masa gurbin zuwa farkon sabuwar shekara, in bai zo ba a ba wani. Na zaci gidan zai kama da wuta, amma Yaya bai ɗaga murya ba.

“Ban hana ka ba,” in ji shi. “Amma da me za mu auna? In ka ce kana ci gaba, ni ta ina zan gani?”

Yaron ya shirya amsarsa. Ya ce akwai wata lambar yabo da ake bai wa mawaƙa duk shekara, da ɓangaren sababbin masu rok a ciki. Kafin a ba da ita, a watan Disamba akan kira sunayen waɗanda suka kai zagayen ƙarshe. In an kira sunan ƙungiyarsu, ko ba su ci ba, a bar shi ya bi hanyarsa. In ba a kira ba, zai ɗauki jaka ya tafi makaranta, ba sai an sake magana ba.

Yaya ya jujjuya biro, sannan ya ce ya yarda, da sharaɗi guda. Kada kiɗan ya fita cikin azumi, ko wasa a gaban jama'a, ko sakin faifai. Ya ce ko a gida makaɗan da suka gaji sana'ar iyaye da kakanni rataye ganga suke yi in wata ya kama, balle ɗan da ya tsince ta a ƙasan gida. Yaron har dariya ya yi. Ya ce faifansu zai fita tun lokacin zafi, kafin a fara ko zancen azumi. Ya miƙa wa uban hannu suka gaisa kamar wasu 'yan kasuwa.

Sai makaɗin gangarsu ya faɗo daga keke ya karya wuyan hannu. Aikin naɗar waƙoƙin ya tsaya cak har ƙashin ya ɗinke. Azumin shekarar a kan Satumba ya faɗo daidai wa daida, kuma a makonsa na farko motar kamfani ta sauke mana kwalayen faifan a ƙofar gida. Muka jera su a ɗakin ƙasa kusa da injin wanki. Yaron ya buɗe ɗaya, ya zaro faifai ya riƙe da hannu biyu yana kallon hotonsu, sannan ya mayar ya rufe kwalin.

Mai kula da harkokinsu yayar makaɗin gangar ce, wata doguwar Ba'amurkiya mai saurin magana, wadda ta ɗauki yajina tamkar magani, har a kan ƙwai take barbaɗa shi. Ita ta zaunar da ni ta fahimtar da ni matsalar, ina tuyar ƙosan buɗa-baki, ita kuma ta ƙi ko kurɓar ruwa a gabana don kara. Ta ce shekarar masu ba da lambar ba daga Janairu take farawa ba. Daga farkon Oktoba take zuwa ƙarshen Satumba, kuma faifan da ba a sa a kasuwa ba kafin Satumba ya ƙare, sai dai ya jira baɗi. A wancan zamanin kuma ranar Talata ake fitar da sababbin faifai a ƙasar, haka al'adar sana'ar take. Talatar da ta rage musu ita ce ranar ƙarshe ta Satumba. Masallacinmu kuwa ya riga ya sanar cewa Sallah Laraba ce.

Na ce, “Yanzu a kan kwana ɗaya ake wannan zaman makoki?”

Ta ce kwana ɗayan shi ne komai. In suka jira baɗi, gurbin makaranta ya wuce, yarjejeniyarsa da uban ta rushe. Ta kuma gaya mini abin da ban taɓa tunani ba, cewa a wannan sana'ar ranar da faifai ya fita tana iya rinjayar daɗinsa. Alƙalan mutane ne masu hidimar kansu, abin da ke cikin kunnensu lokacin zaɓe shi suke zaɓa. Wanda ya fita a farkon shekararsu, kafin a zo zaɓe an manta da shi. Wanda ya fita a ƙarshe, ba a kai ga jin sa ba. Masu wayo tsakiya suke nema, yadda waƙa za ta zaga gidajen rediyo, 'yan jarida su yi rubutu, a yi yawon wasa gari-gari, sannan zaɓe ya same ta da ɗuminta. Na ce mata ai wannan kai wa maƙwabta abincin shan ruwa ne, in ka kai da la'asar ya huce, in ka kai bayan isha'i kowa ya ƙoshi. Ta kwashe da dariya ta ce haka ne, kuma su yanzu bayan isha'in ma suke roƙo. Ko a ƙarshen layi ne, in ji ta, su dai a ce suna layin.

Abokansa suka yi fushi, kuma ban ga laifinsu ba. Ɗaya Kirista ne, sauran ma ban san ko suna zuwa wani wurin ibada ba, ga shi an ɗaure wahalarsu ta shekara biyu a jikin kalandar da ba tasu ba. Ɗayansu ya ce faifai a kan kanta ai ba ƙara yake yi ba, wa zai dama? Ni kaina na ja yaron gefe na ce masa ubanka ko hanyar kantin faifai bai sani ba, ku saki abinku shiru, in an yi Sallah a gaya masa. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

“Gwaggo, har da ke?” Sauran da Turanci ya faɗa. Ya ce shi ya miƙa hannu, ba wanda ya tilasta shi, kuma in ya fara da ƙarya to ko an kira sunansa ba shi aka kira ba. Ya kuma hana ni gaya wa uban komai, wai ba ya so a ce ya zo neman rangwame.

Ban ji maganarsa ba. A goman ƙarshe Yaya yakan ɗauki hutu daga aiki, na same shi da hantsi a falo da Alƙur'ani a buɗe, na jira ya kai aya, na zazzage masa komai. Raina a ɓace yake, kuma ban ɓoye ba. Na ce, Yaya, ka haifi ɗa mai cika alkawari, kana zaune alkawarin zai cinye shi. Na ce kwana ɗaya ne tak, ka ɗaga masa. Ya saurare ni har na gaji don kaina.

“Shi ya aiko ki?”

“Da ya san na zo da ya daina gaishe ni.”

“To ba ni da abin cewa. Magana tsakanina da shi take.” Ya mayar da tabarau ya ci gaba da karatunsa. Na fita na bugo ƙofa da ƙarfin da har yanzu nake mamakin yadda ba ta ɓalle ba.

Ranar Litinin, azuminmu na ashirin da tara, ina kicin wajen la'asar wayar gidan ta yi ƙara, Yaya ya ɗauka. Gida suna gabanmu da awoyi, idan su sun sha ruwa sun yi isha'i mu rana tana sama. Babbar yayarmu ce daga Kano, kuma duk shekara ita take bugowa da wannan labarin, da tsokana a bakinta. Tun daga kicin nake jiyo muryarta ta cikin wayar.

“An ga wata! Gobe Sallah. Ku kuma 'yan lissafi sai yaushe?”

Amsar Yaya na haddace ta, don ba ta canjawa: Allah ya maimaita mana, mu sai jibi. Na tsaya da wuƙa a kan albasa ina jira in ji ta. Shiru. Har yayarmu ta ce ko layin ya katse ne.

“Ina jin ki,” in ji shi. “A ina aka gani?” Ta lissafa masa garuruwa. Ya ce, “Madalla. Allah ya karɓa mana. Bana tare da ku za mu yi.”

Da ya ajiye wayar ya leƙo kicin bai dube ni ba, ya ce in ɗora naman Sallah, in kuma kira masa yaron. Yaron ya hau daga ɗakin ƙasa yana goge hannu a wando. Uban ya ce masa gobe idi a Upper Marlboro, ya fito da kaftaninsa a goge. Yaron ya tsaya. Shi ma ya girma yana jin muhawarar nan, ya san abin da kalmomin suke nufi a bakin ubansa. Ya juyo ya harare ni, na ci gaba da yanka albasata.

“Baba, ba sai ka yi haka ba.”

“Na yi me? Musulmi sun ce sun ga wata, na karɓa. Azumi ya ƙare da faɗuwar ranar yau. Abin da za ka yi da gobenka kai ka sani.”

Yarinyar nan mai kula da harkokinsu dama ta shirya komai ta ajiye, ko Allah zai sa. Waya ɗaya ya buga mata, na ji ihunta daga inda nake tsaye.

Ban taɓa jin tausayin Yaya kamar safiyar nan ba. Zauren cike yake da mutanen da ya shekara goma yana gaya wa cewa sun raba kan jama'a. Muna shiga aka fara taɓa juna. Wani dattijo, wanda ya fi kowa jin jiki a hannunsa wajen muhawara, ya taso da fara'a har kunne ya riƙe masa hannu biyu.

“Injiniya! Yau kai ne a nan? Ko lissafin ne ya ƙi ci?”

“Barka da Sallah, Alhaji,” in ji Yaya. Ya cire takalmi ya shiga sahu. Daga ɓangaren mata ina hango ƙeyarsa, a miƙe, yana kabbara tare da kowa.

Daga idi ba mu koma gida ba, don kwalayen suna bayan motar tun asuba. Wani ƙaramin kantin faifai a Washington ya yarda ya sa musu faifan a kanta a ranar, yarinyar kuma ta sake shi a intanet. Muka tsaya a bakin kantin, abokansa suna jira cikin baƙaƙen rigunansu, shi kuma ya fito cikin farin kaftani da hula yana kinkimar kwali. Na ɗauka Yaya zai zauna a mota. Sai na ga ya buɗe ƙofa, ya naɗe hannun babbar rigarsa a kafaɗa, ya ɗauki kwali guda ya bi bayansu. Mai kantin, wani mai zane a jiki har wuya, ya riƙe masa ƙofa. Yaya ya ajiye kwalin a inda aka nuna masa, ya dubi faifan da aka jera, ya gyara ɗaya da ya karkace, ya fito.

Disamba ta zo, aka kira sunaye, babu nasu. Yarinyar ta zo gida da kanta ta faɗa, idonta jawur. Ta ce abin da ta ji tsoro ne ya faru, kafin ko mutum ɗaya ya yi rubutu a kan faifan an riga an rufe zaɓen farko. Ba ƙi aka yi ba, ji ne ba a yi ba. Yaron bai yi gardama ba, bai kuma nemi ƙarin lokaci ba. Da sabuwar shekara ta kama ya sa jitarsa a akwatinta, ya tura ƙarƙashin gado, ya fara bin jirgin ƙasa na safe zuwa Baltimore. Asabar ta farko da gidan ya yi tsit, kofina ya zauna lafiya a kan tebur, sai na ga ina kuka, ni da na shekara ina addu'ar a kawo mini ƙarshen ƙarar nan.

Abin da ya fi ciwo daga baya ya zo. Da sanyi ya tafi, wani gidan rediyon ɗalibai ya ɗauki waƙa ta uku a faifan, mai sanyin nan wadda muryarsa take fita ita kaɗai. Daga nan wasu suka ɗauka. Na ji ta a kantin sayar da kayan abinci, na ji ta a motar wata abokiyar aikina 'yar Jos, tana bi da baki ba ta san ɗan gidanmu ba ne. Duk lokacin zafin nan waƙar tana yawo. Na buga wa yarinyar na ce to yanzu ai sai a sake shiga. Ta ce ba a shiga sau biyu da faifai ɗaya, nasu an riga an ƙirga shi a bara. Da sun bari sai Talatar da ta biyo bayan Sallah, in ji ta, da duk wannan tashen a cikin shekararsu ya faɗo, da zaɓe ya same su a bakin kowa.

Na daɗe ina juya wannan maganar. Da sun jira, gurbin makaranta ya tafi, kuma ba wanda ya san waƙar za ta tashi. Da makaɗin bai hau keke ba, da azumi bai faɗo a Satumba ba, da ban buɗe bakina a falo ba. Kowane na bi sai ya kai ni ga wani. Waƙar ita ce dai ba ta canja ba, yadda aka rera ta a ƙasan ɗakina haka take, amma a Oktoba ba ta da kowa, a Yuni kuma kowa nata ne. Na yi aiki da tsofaffi, na ga yadda 'ya'ya suke zuwa da maganar da ya kamata su faɗa tun uban yana gane fuska. Ban ɗauka haka abin yake har a wajen masu jita ba. Yaya ya ji labarin tashen waƙar, a gabana aka gaya masa.

Ni nake dafa sahur, don haka ba abin da ya shafi azumi da zai ɓuya mini a gidan nan. Tun a waccan Sallar, da muka gama Sitta Shawwal, Yaya ya ce in tashe shi gobe ma. Na ce ai mun cika shida. Ya ce ya sani. Da na matsa, ya ce shi dai bai ga watan nan ba, lissafinsa kuma bai ba shi ba, zuciyarsa ba ta kwanta ba, zai rama azumin ranar da muka yi idi. Na je na tambayi malamin masallacinmu ba tare da na ambaci kowa ba, ya ce wanda ya bi shaidar Musulmi babu komai a kansa, in ma yana kokwanto ramuwa ɗaya ta wadatar. Na kawo wa Yaya wannan, ya ce ya gode. Shekara ta zagayo ya koma idin masallacinmu, ya ci gaba da muhawararsa, sai dai ba da zafin da ba. Bayan Sitta Shawwal kuma ya ce in tashe shi gobe. Haka ya riƙa yi duk shekara, ya kuma ce kada yaron ya ji.

Wannan karon na riƙe bakina, har shekaru suka tura. Yaron ya gama karatu, ya yi aure, ya samu aiki a wani kantin magani a Manassas. Ƙungiyar ta ɗan ja ba shi, sannan kowa ya kama gabansa. Azumi kuma ya yi ta matsowa har ya shigo tsakiyar zafi, lokacin da rana a ƙasar nan take ƙin faɗuwa. Yaya ya yi ritaya, ciwon suga ya kama shi, likita ya ce ya yi na farilla da lura, ya bar na nafila. Ya ƙi. A rana ta biyar ta Sitta Shawwal na same shi ya dafa bango a hanyar banɗaki, gumi yana keto masa. Nan haƙurina ya ƙare. Na buga Manassas na ce kai ne mai ilimin magani, zo ka yi wa ubanka magana, shida ba ta ishe shi ba sai ya ƙara ta bakwai. Ya ce wace ta bakwai? Na gaya masa. Ya ce yana nan zuwa.

Ranar ta bakwai ya iso da azahar shi kaɗai. Na zubo masa shinkafa, ya ce in rufe, yana azumi. Ya auna sugan uban, ya duba magungunansa ɗaya bayan ɗaya, suka zauna a falo suna hirar hanya da cunkoson motoci kamar ba komai. Sai da aka kusa shan ruwa, na kawo dabino da kunu na ajiye, Yaya ya lura babu kofin ruwa a gaban ɗansa tun zuwansa.

“Kai kuma na mene ne?”

Da Hausa ya amsa, a hankali, yana laluben kalmomin. “Ranar nan tawa ce, Baba. Ni na ci ta. Ni zan riƙa ramawa.”

Yaya ya dube ni, na ɗauke kai. Ya daɗe yana kallon farantin dabinon, sannan ya yi tambayar da na gane ita ce ya shekara da shekaru yana ɗauke da ita, ba ta watan ba.

“An ce da mun jira, da an kira sunanka.”

“Wataƙila. Ba wanda ya sani.”

“Ni na sa ka fitar a ranar.”

“Kai ka ɗauki kwali,” in ji yaron. “Na juyo na gan ka a bakin ƙofar kantin da babbar riga. Abokaina har yau in mun haɗu shi suke fara tunawa. Ba na son a canja mini ranar nan da wata, Baba.”

Lokaci ya yi. Yaya ya ɗauki dabino, ya miƙa wa ɗansa kafin ya ɗauki nasa. Bayan sun yi magariba ya tambaya ko faifan yana nan. Na ce akwai kwali guda da ya rage a bayan injin wanki. Ya ce a sa masa ta ukun, wadda ake ta magana. Ya zauna ya ji ta har ƙarshe, idonsa a rufe, ya ce muryar uwarka ce. Shi ne karo na farko da ya faɗa.

Da shekara ta zagayo bai yi Sitta Shawwal ba, ya bi maganar likita. Amma na lura yana ƙirga kwanakin tare da ni, don ni na yi nawa. Washegarin da na cika, da hantsi ya shigo kicin ya ce in dama masa koko, kada in sa suga. Ya zauna ya sha a gabana. Da ya gama ya ce in buga Manassas in tambayi matar yaron ko ta tashe shi sahur.